Gorar Ruwan Dada

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta rasu a ƙarshen daminar bara a Dutse, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka riga mu. Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta yadda aka yi ba, don mu a gidanmu da zarar an ce kwana ya ƙare, to an rufe magana ke nan. Amma akwai abin da na sani yanzu wanda ban sani ba a lokacin, kuma duk ranar da na ga mata sun nufi asibiti dubiya da kuloli da fulas-fulas sai gabana ya faɗi. Saboda su nake rubutawa, ko da yake ban sa rai za su ji ba. Nawa dangin ma ba su ji ba.

Mu Fulanin wani ƙauye ne a bayan Kiyawa, irin waɗanda suka zauna suka rungumi noma, shanun ba su taka kara sun karya ba. Ni ce auta, sunana Rabi, ina koyarwa a firamare, ina aure a unguwar Takur a Dutse. Dada 'yar ƙaramar mace ce siririya, mai saurin tafiya da saurin baki. Abin da aka san ta da shi a yankinmu shi ne randa. Tun kafin a haife ni ta ajiye randa da moɗa a gindin darbejiyar ƙofar gida saboda masu wucewa kasuwa, kuma ba ta karyawa sai ta cika ta. Ko rijiya ta ja baya, gara mu mu yi wanka da rabin bokiti da a samu randar nan a bushe. Ta sha gaya mana cewa mutumin da ya hana wani ruwa, ita ba ta san da wane ido zai dubi Ubangiji ba.

Ciwon ya fara ne da amai da gudawa. Babban wanmu, Yaya Sale, wanda yake zaune da ita, ya kira mai kyamis na garin, shi kuma ya zo ya rataya ledar ruwa a ƙusar bango. Wanda bai san mu ba ba zai gane ba: a wurinmu ƙarin ruwa ya wuce magani, gata ne. Idan aka ce an yi wa tsohuwa ƙarin ruwa, an ce 'ya'yanta sun tsaya mata ke nan. Balle mai ruwan ɗorawar nan, wanda kowa ya yi imani shi ne mai ƙarfi. Aka yi ta rataya mata leda bayan leda, da allurai da har yau ban san sunansu ba. Ba a kira ni ba sai da ta daina gane mutane.

Muka kawo ta Dutse a motar haya, kanta a cinyata, jikinta sanyi ƙalau a tsakiyar rana. A ɗakin gaggawa na bar ta a kan benci na shiga layin yankar kati, ina leƙenta ta tsakanin kafaɗun mutane. Da aka zo gwada jininta, nas ta ɗaura abin awo ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta fita da sauri. Ta dawo da wani likita dogo, mai magana a hankali kamar ba ya son a ji shi. Abu na farko da ya yi ya ba ni mamaki. Ya kwantar da Dada, ya ɗaga ƙafafunta biyu sama ya riƙe, idonsa a kan na'ura. Yaya Sale ya kau da kai don kunya. Daga baya na ji dalili: jinin ƙafafun ne yake turowa zuwa zuciya, ya ga ko za ta amsa. Idan ta amsa, jikin yana neman ruwa ke nan.

Ta amsa. Nan da nan aka sa mata allura hannu biyu, aka rataya wani farin ruwa, nas tana matsa ledar da hannunta don ya yi gudu. Yaya Sale ya matso ya ce, “Likita, da an samo mata mai ruwan ɗorawar nan, shi ne yake karɓarta.”

Likitan bai ɗago ba ya ce, “Alhaji, wancan ruwan sukari ne, launin kuma bitamin aka zuba. Ba ya zama a jijiya, yana shiga yake watsewa cikin jiki, kamar ban-ruwa a kan yashi. Ita jijiyarta ce ta bushe.”

Yaya Sale ya ja baya yana cewa to, amma na ga fuskarsa. Bai yarda ba. Farin ruwa a idonsa ruwa ne kawai.

Kafin magariba aka wuce da ita ɗakin kulawa ta musamman, wanda masu jinya suke kira ɗakin gilashi, don ta gilashi kaɗai ake hango naka. A makon farkon nan ne na koyi cewa ruwan asibiti ba iri ɗaya ba ne. An rubuta min wanda suke kira Ringa. Na je kantin maganin asibiti aka ce ya ƙare, mai sayarwar ya miƙo min na gishiri ya ce in tafi, duk ɗaya ne. Na kawo da murnata. Likitan ya juya ledar a hannunsa, ya ce in zauna.

Ya ce, “Malama, da a ce haɗarin mota ta yi ta bugu a ka, wannan da kika kawo zan zaɓa, don wancan yana iya ƙara wa ƙwaƙwalwa kumburi. Amma ita gudawar ta sa jininta ya yi tsami, ƙodarta kuma tana tangal-tangal. Gishirin da ke cikin wannan ya fi na jinin mutum. Leda ɗaya ba komai, amma ita da yawa take buƙata. Wancan ya fi kusa da ruwan jikinta.”

Na ce, “To idan ban samu ba fa?”

Ya ce, “Da wannan ɗin zan yi, ba zan zauna ina kallonta ba. Mu kanmu likitoci muna gardama a kan girman bambancin. Amma da uwata ce, zan zaga gari.”

Na zaga gari. Na hau adaidaita daga wannan kanti zuwa wancan har na haɗa abin da ya samu. Akwai kuma wata 'yar kwalba da ya ambata, wadda ake tacewa daga jinin mutane, ya ce tana daɗewa a jijiya, amma da ya faɗi kuɗinta shi da kansa ya ce in manta, bai ga za ta canja wani abin kirki ba. Na gode masa da wannan. Da wani ne sai ya rubuta ya bar mu da neman bashi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda yake yi bayan kowace leda. Ba ya cewa a rataya wata sai ya zo ya saurari ƙirjinta, ya taɓa yatsunta ya ga ko sun yi ɗumi, ya tsuguna ya dubi robar fitsari. Ni da na taso ina ganin ana rataya ruwa a ƙusa a tafi gona, sai na ga kamar rowa yake yi. Ran nan da safe ya sake ɗaga ƙafafunta, ya dubi na'ura, ya ce a tsaya. Ya sa aka ɗaura wani magani mai matse jijiya a maimakon ruwan. Na tambaye shi ko ta warke ne. Ya ce a'a. Ya ce, “Ruwan da ya tashe ta shekaranjiya shi zai shaƙe ta gobe. Zuciya ta daina amsawa, ƙoda kuma ba ta fitarwa. Duk abin da na ƙara yanzu huhu zai tafi.”

A mako na biyu robar fitsarin nan ta zama abin da nake fara dubawa kafin fuskar uwata. Ɗan abin da ke taruwa a ciki bai fi ka jiƙa tsumma ba, shi ma baƙi-baƙi. Aka ce sai wankin ƙoda. Yaya Sale ya kai bijimin Dada kasuwa, maigidana ya kawo abin da ya kawo, malaman makarantarmu suka yi min karo-karo, Allah ya saka musu. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira kuma ga su nan har daga Garki da gaba da can, kowa da nasa a kwance. Wani lokacin a ba mu safiya, mu wuni, a ce sai gobe.

Dangi kuwa sun kafa sansani a gindin bishiyoyin harabar asibiti, da tabarmi da butoci. Shugabar sansanin ita ce Gwaggo Hanne, yayar mahaifinmu, wadda suka yi shekara da shekaru da Dada suna faɗa suna shiryawa. Ba a barin kowa ya shiga ɗakin gilashi sai ni, ni ma na ɗan lokaci, an sa min riga da takalmin roba. Duk fitowar da zan yi tambaya ɗaya ce: leda nawa aka ƙara mata yau? Da na ce an daina ƙarawa, har ma cirewa ake yi, sai Gwaggo ta tafa hannu ta ce wannan wane irin asibiti ne, an karɓe bijimi an hana ruwa.

Sai ga shi a mako na uku Dada ta buɗe ido sosai. Ta dube ni cikin rigar nan da hular leda ta ce, “Auta, wa ya yi miki wannan ɗinkin? Ki mayar masa.” Na fita na zauna a dakali na yi kuka har na gode Allah. Fitsarin ya ɗan fara zuwa. Likitan ya ce ba zai yi min alkawari ba, ƙodar tsofaffi wani lokacin takan farfaɗo wani lokacin ba ta farfaɗowa, amma akwai ɗan haske. Suna buƙatar gadon saboda wata mai haihuwa da aka kawo, don haka aka mayar da mu ɗakin mata na kowa da kowa.

Ranar da za mu fita ya kira ni gefe. Ya ɗauko gorar ruwa ta roba, 'yar ƙarama irin ta shago, ya manna mata filasta a wuya. Ya ce, “Daga asuba zuwa asuba wannan ne ruwanta. Har da na haɗiyar magani, har da kunu, har da romo. Duk abin da yake zuba ruwa ne. Banda kanwa, banda gishiri. Za ta ji ƙishi, za ta roƙe ki. A can ciki ni nake tsaron ƙofa, a nan ke ce. Ki gaya wa mutanenku.”

Na gaya musu. Na je gindin bishiya na durƙusa na ɗaga gorar na yi bayani dalla-dalla kamar ina gaban aji. Gwaggo ta bari na gama, sannan ta ce, “Ke Rabi, a bokon aka koya miki hana uwarki ruwa? Matar da ta shayar da duniya?”

Na ce, “Gwaggo, ku yi haƙuri, likita ne ya ce.”

Ta ce, “Likita ya taɓa jin ƙishi kuwa?”

Na dubi Yaya Sale ko zai kama min. Ya ce, “A dai bi abin da suka ce,” yana kallon yatsun ƙafarsa. Iyakar gudummawarsa ke nan.

Ban san ƙishi ba sai a makon nan. Leɓen Dada ya tsattsage, harshenta ya yi fari, ga zafin da ake yi idan hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Ina ba ta ruwa a murfin gora, murfi ɗaya, in jira, in ƙara wani. Wata sista mai kirki, babbar mace mai tabon goshi, ta koya min in jiƙa auduga ina goga mata a baki. Dada takan tsotsi audugar har sai na ƙwace. Matar gadon kusa da mu kuwa tana ɗaga jarka ta kwankwaɗa, Dada ta bi maƙogwaronta da ido.

Wata rana da azahar ta kama zanina. Ta ce, “Rabi.” Ba ta cika kiran sunana ba, Auta take cewa. “Don Allah, don Annabi, kofi ɗaya. Cikakke. In sha in ji na sha. Ba zan ƙara tambayarki ba.”

Na ce, “Dada, ki yi haƙuri. Idan kin warke randa guda zan kawo miki.”

Ta saki zanin, ta juya fuskarta bango ta ce, “Ashe haka.” Kalma biyu ke nan, kuma har yau su nake ji idan na ɗaga kofi zan sha ruwa. Ta cika alkawarinta, ba ta ƙara tambayata ba.

A ɗakin mata babu gilashi, babu mai gadi na kirki. Da yamma ta yi sai ƙauyenmu ya tashi ya dawo bakin gadon Dada. Wanda ya sha a randarta da wanda ubansa ya sha, duk sun zo, kuma ba wanda ke zuwa hannu rabbana. Ni kuma mai jinya ba ta zama. Je ki karɓo sakamakon gwaji, je ki biya, je ki kama mana layin wanki, je ki nemo wannan allurar a waje. Duk tashin da zan yi sai in ce kada a ba ta komai, a ce min, “Haba Rabi, je ki abinki, muna nan. Ki yi sallarki a tsanake.” Har daɗi nake ji, ina cewa sun sauko.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne gorar. A mako na huɗu sai asuba ta yi da sauran ruwa a ciki, wani lokacin kusan rabi. In miƙa mata murfi ta ce ta ƙoshi. Na yi ta yabon haƙurinta a zuci, ina cewa Fulani dai ba a raba su da jurewa. Amma ƙafafunta sun fara cika. In ka danna yatsa a ƙaurinta sai ramin ya zauna. Awarwaron da yake yawo a hannunta tun ina yarinya sai da aka yanke shi. Masu dubiya suna ta barka, wai Dada ta murmure, asibiti ya karɓe ta.

Likitan ɗakin gilashi ya biyo ta wurinmu, ko da yake mun bar hannunsa. Ya danna ƙafar, ya saurari bayanta, fuskarsa ta canja. Ya ce, “Me take sha?” Na ɗaga masa gorar da alfahari. Ya sunkuya ya ce, “Baba, akwai mai ba ki wani abu ban da wannan?” Dada ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta. Sistar nan ta ja ni waje ta ce in sa ido a kan baƙina, ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Na tafi wurin Gwaggo kai tsaye, na tattara duk ƙarfin halina na tambaye ta. Ta buɗe tafukanta biyu ta ce, “Kin ga kofi a hannuna?” Na ba ta haƙuri. Ni na ba da haƙuri.

Na daina fita sai dole, amma dolen tana da yawa, kuma ba ni da wata 'yar'uwa mace da zan bari. A nan ina da ƙorafi a kan asibitin, kuma zan faɗa. Sun san mutanenmu, sun san ƙaramar yarinya ba ta iya tsawata wa gwaggonta. Maganar da likita ya gaya min a gefe, da ya fito gindin bishiya ya faɗe ta da bakinsa a gaban manya, wataƙila da ta shiga. Da an rataya wata sanarwa a kan gadon, ko an rage masu shiga. An ɗora wa auta tsaron ƙofar da ba ta da ƙyaure. Amma kuma na ga sista ɗaya tana zagaya ɗaki guda cike da gadaje ita kaɗai, to wa zan kama?

A mako na shida numfashi ya fara gagararta. Ba ta iya kwanciya, sai a zaune, an tokare ta da filo, ƙirjinta yana ƙara kamar ana dama fura. Aka ce a yi wankin gaggawa, aka tarar injin ɗaya ya lalace, sauran da mutane a kai. Aka nemi gado a ɗakin gilashi, babu. An yi mata allurar fitar da fitsari har an gaji, robar ba ta motsa ba. Likitan ya zo da hantsi ya tsaya a kanta ya daɗe. Da zai tafi ya ce min a hankali, “Malama, idan ta nemi ruwa yanzu, ki ba ta yadda take so.” Na gane abin da yake nufi.

Ban jira ta nema ba. Na ari kofin silba na matar gadon kusa da mu, na cika shi taf da ruwa mai sanyi, na ɗaga abin iskar da ke fuskarta na ce, “Dada, ga shi. Cikakke.” Ta dubi kofin, ta dube ni. Ban sani ba ko ta gane ni. Na kai bakinta, ruwan ya gangaro ta gefen haɓarta ya jiƙa filo. Ba ta iya haɗiya ba. Ta cika bayan la'asar, Gwaggo tana laƙƙana mata kalmar shahada.

A wurin wanka matan suka yi ta mamakin jikinta. Likkafanin da ta yanka wa kanta ta ajiye a ƙasan akwati tun shekarun baya bai rufe ta ba, sai da aka ƙaro yadi. Yaya Sale ya ce da suka ɗaga makara sai da suka sake gyara tsayuwa. Matar da nake ɗagawa da hannu ɗaya in gyara mata shimfiɗa.

Ranar sadakar uku ina zaune a ɗakinta, idona ya kumbura, sai matar Yaya Sale ta matso ta rage murya. Ta ce in daina kuka haka, ta san abin da yake cina, amma Dada ba ta tafi da ƙishi ba. Wani malami ya ba da rubutun sha, kuma ita da kanta take ba ta, safe da yamma, babban kofi, duk lokacin da na tafi layin wanki. Ta ce ba wanda ya sani sai ita da Allah. Ban gama jin wannan ba sai maƙwabciyarmu, tsohuwar da suke zuwa rijiya tare da Dada, ta kama hannuna a bakin ƙofa. Ita kunun kanwa take kawowa a fulas, don ta san Dada tana so, tana ɓoye shi a ƙarƙashin hijabi. Ta ce kada in gaya wa kowa. Da yamma Yaya Sale ya kira ni zaure, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya ce shi dai bai iya jurewa ba, yakan kawo mata kindirmon saniyarta, ɗan kwano ɗaya kawai, ai nono ba ruwa ba ne. Kowannensu yana tsammanin shi kaɗai ne. Kowannensu ya zo ne ya sanyaya min zuciya, kuma kowanne na ce masa Allah ya ba da lada, don ban san me ake cewa ba.

Bayan na koma Dutse na nemi likitan. Na same shi a baranda yana cin gyaɗa a tsaye, na gaya masa duka. Na ce ya gaya min gaskiya, shi ne ya kashe ta? Ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Ƙodar ta riga ta ji jiki tun a gida, mai yiwuwa ko an kiyaye ba za ta dawo ba. Mai yiwuwa kuma ta dawo. Ya ce a ɗakin gilashi yakan tsaya ya yi ta tunani a kan leda ɗaya, wannan ko wancan, yanzu ko an jima, amma bai taɓa sanin yadda zai yi da fulas ba. Na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi. Shi da sistar nan sun yi iyakar yinsu.

To ga abin da zan ce wa mai karatu. Idan ka je dubiya aka ce an ƙayyade wa mara lafiya ruwa, kurɓin da za ka ba shi ba shi kaɗai ba ne, akwai na wanda ya riga ka da na wanda zai biyo ka. Zamzam ruwa ne, rubutu ruwa ne, kunu da nono ruwa ne, huhu bai san albarka ba. Ka tofa addu'arka ka shafa masa a goshi. Na faɗi wannan a ƙauyenmu ba sau ɗaya ba. Abin da ya zauna a bakin mutane dai shi ne asibitin Dutse yana hana tsofaffi ruwa, kuma Rabi ta taya su. Yanzu haka ƙafafun Gwaggo sun fara kumbura, ta ce ko a mafarki kada a kai ta.

Gwaggon ce ta ƙarshe da ta faɗa min nata, ranar sadakar arba'in. Na fito da sassafe na tarar da ita a gindin darbejiya tana cika randar Dada, tana nishi. Na karɓi bokitin na ƙarasa. Ta zauna a kan tushen bishiyar ta ce in zo kusa.

Ta ce, “Rannan kin tambaye ni na ƙi ba ki amsa. Zamzam ne, jarka guda, wadda na ajiye don wankan gawata. Kullum sai na ba ta ta sha ta ƙoshi, har ta ƙare. Tana sha tana cewa kada Auta ta sani, ranta zai ɓaci.” Ta dafa kaina kamar yadda take yi ina ƙarama. “Ban riƙe ki a zuciya ba, 'yar nan. Yarinta ce, an gaya miki kin bi. Saboda ke na yi, don kada ki je gaban Allah da alhakin ƙishin uwarki.”

Wani mai keke ya tsaya, ya yi sallama, ya ɗebi moɗa guda ya shanye, ya ƙara, ya yi wa mai randa addu'a ya wuce. Gwaggo tana jiran amsata.

Na ce, “Na gode, Gwaggo.”